Waƙoƙin da Aka Saya da Jikin Yara

A shekarar 2009 mawaƙiyar nan 'yar Italiya, Cecilia Bartoli, ta fitar da faifai mai suna Sacrificium tare da ƙungiyar makaɗa ta Il Giardino Armonico, wadda aka kafa a Milan a 1985, Giovanni Antonini kuma ke jan ragamarta. Waƙoƙin ofera ne na ƙarni na 18, na su Nicola Porpora da Leonardo Leo da Leonardo Vinci da Antonio Caldara, kuma mafi yawansu ba a taɓa naɗarsu ba sai a lokacin. Bayan faifan sai suka kwashi kayan kiɗansu suka shiga fadar Caserta da ke kusa da Napoli, aka ɗauke su a bidiyo suna rera waƙoƙin a zaurukan marmara. Yau guntayen wannan bidiyo, da na ɗaruruwan wasanni irinsa, suna nan birjik a YouTube. Abin da a da sai mai hali a biranen Turai ke ji, yanzu duk mai waya da 'yar data zai kalla yana kishingiɗe a ɗakinsa.

Ina son waɗannan waƙoƙi, kuma a ganina alheri ne babba da aka ɗauke su aka sake wa kowa. Amma duk wanda ya ɗauki irin wannan wasa ya watsa wa duniya, balle idan da kuɗin jama'a ya yi, akwai bashi a wuyansa. Dole ya faɗa a fili, a cikin bidiyon kansa, cewa da yawa daga waɗannan waƙoƙi an tsara su ne don maƙogwaron mazan da aka dandaƙe tun suna yara domin kada muryarsu ta sauya. Ina kuma adawa da masu kewar waccan murya, masu cewa wai abin da muke ji yau inuwa ce kawai ta ainihin abin. Muryar ta tafi, kuma tafiyarta ita ce mafi kyawun labari a duk tarihin wannan kiɗa.

Ga wanda bai saba ba, ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe. A Italiya aka haife ta wajen shekarar 1600. Monteverdi ya gabatar da L'Orfeo a fadar Mantua a 1607, a 1637 kuma aka buɗe gidan ofera na farko a Benis, birnin nan mai hanyoyin ruwa, inda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga. Zuwa ƙarni na 18 tsarin ya zauna da gindinsa. Akwai wuraren da labari ke tafiya, 'yan wasa na musayar zance cikin rerawa mai kama da magana, da ɗan kiɗa a baya. Can sai labarin ya tsaya cak, mutum ɗaya ya fito gaba ya zazzage abin da ke cinsa: fushi, kishi, begen masoyi, tsoron mutuwa. Wannan ita ce ariya. Baitocinta ba su cika wuce layi takwas ba, amma ana iya shafe minti goma a kansu. Kashi uku gare ta. A rera na farko, a shiga na biyu mai wani yanayi dabam, sannan a koma na farkon. A wannan komawar ake gane gwani, domin ba a yarda ya maimaita yadda ya yi ba. Sai ya yi wa karin ado daga kansa, ya haura sama ya gangaro, ya murza sauti, ya ja numfashi har mai sauraro ya fara jin tsoro a madadinsa.

Akwai masu ƙorafin cewa tsinto ariya goma sha biyu daga ofera goma sha biyu a jera su a dare ɗaya cin amanar wasan ne. Wannan ƙorafi bai dame ni ba. Mutanen wancan ƙarni da kansu haka suke saurare. Gidan wasa a haskake yake da kyandirori, ana hira ana caca ana ciye-ciye yayin da labari ke tafiya, sai tauraro ya fito da ariyarsa a yi tsit. Manyan mawaƙa sukan yi yawo da ariyoyin da suka fi dacewa da muryarsu daga gari zuwa gari, su cusa su cikin duk wasan da aka ɗauke su yi. Har ofera sukutum ake harhaɗawa daga guntayen waƙoƙin mutane dabam-dabam. Daren ariyoyi zalla bai sāɓa wa al'adar ba.

Abin mamakin shi ne yadda duk wannan dukiya ta nutse. Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan, ya rubuta ofera kusan 40. Daga 1754 ba a ƙara ɗora ko ɗaya a dandamali ba sai a 1920, lokacin da Oskar Hagen ya farfaɗo da Rodelinda a garin Göttingen na Jamus, shi ma sai da ya datse ta, ya kuma saukar da waƙoƙin jarumai ƙasa domin maza masu babbar murya su iya. Takardun da Vivaldi, mai tsara kiɗa ɗan Benis, ya rubuta da hannunsa sai a 1927 da 1930 suka isa ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin. Bayan yaƙin duniya na biyu wasu makaɗa suka ce ba za su ci gaba da kaɗa tsohon kiɗa da sababbin kaya ba. Nikolaus Harnoncourt da matarsa Alice suka kafa Concentus Musicus a Biyena a 1953, Gustav Leonhardt na nasa aikin a Holan, William Christie ya kafa Les Arts Florissants a Faransa a 1979. Suka mayar da tsirkiyar hanjin tumaki a kan gogensu maimakon ta ƙarfe. Suka koma ga gajeren baka mara nauyi. Suka dawo da hafsikod, wanda ke kama da fiyano amma tsinkar tsirkiya yake yi ba dukanta ba, da wani molo mai wuya zaƙaƙam wanda tsawonsa ya kusa na mai kaɗa shi. Ƙahonsu ba shi da maɓallai, galibi da leɓe da numfashi ake sarrafa shi, kamar kakakin fada.

Wannan ba son tsohon kaya ba ne don tsufansa. Kunne na jin bambancin. Tsirkiyar hanji tana da ɗumi da ɗan kaushi, sautinta na tashi da wuri ya mutu da wuri, saboda haka kiɗan yakan yi rawa maimakon ya kwanta. Makaɗa goma sha biyar ko ashirin ba sa danne mawaƙi yadda tamanin ke yi, sai ya samu damar yin raɗa a ji shi. A nan kuma kyamara ke yin aikin da faifan sauti ba ya iyawa. Mai hafsikod da mai dogon molo ba a rubuta musu duk abin da za su kaɗa ba. Layin ƙasa kawai aka ba su da wasu lambobi, sauran su cike da kansu. A bidiyo kana ganin yadda suke zuba wa mawaƙiya ido suna jiran inda za ta sauke numfashi, kana ganin mai goge ya ɗaga gira ya ba ɗan'uwansa hanya. Wanda ya sayi kujera mafi tsada a gidan wasa ma ba ya ganin haka.

To, an dawo da tsirkiya, an dawo da baka, an dawo da ƙaho. Abu ɗaya ne ba a dawo da shi ba, kuma shi ne ginshiƙin kiɗan gaba ɗaya.

Idan aka dandaƙe yaro kafin ya balaga, sinadarin da ke kaurara maƙogwaron namiji ba ya zuwa. Muryarsa ta tsaya a sama, kamar ta yaro ko ta mace. Amma jikinsa bai tsaya ba. Ƙasusuwansa ba sa rufewa a lokacin da ya kamata, sai hannuwa da ƙafafu su yi ta tsawo, haƙarƙari ya buɗe, huhu ya samu fili. Ƙaramin maƙogwaro a kan babban ƙirji, a ɗora masa horon shekara takwas ko goma, shi ne abin da Turai ta haukace a kai fiye da ƙarni guda. Galibi tsakanin shekara 8 zuwa 12 ake yi wa yaran. Rubuce-rubucen zamanin sun ambaci zaunar da yaro a ruwan ɗumi, da ba shi ofiyom, ko danne masa jijiyoyin wuya har ya suma. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokacin, kuma ba duka ke tashi ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan yara 4,000 a shekara a lokacin da abin ya kai ƙololuwa, wajen shekarun 1720 da 1730. Ko an rage wannan adadi da rabi, ko an mayar da shi kashi ɗaya cikin goma, tambayar tana nan: nawa daga cikinsu suka zama taurari? Sunayen da tarihi ya riƙe ba su da yawa. Wuƙa ba ta ba yaro baiwar waƙa. Da dama an yanke su, muryar ta ƙi, suka ƙare a layin baya na mawaƙan wata ƙaramar coci, wasu ko hakan ba su samu ba.

Mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne, iyaye na hangen ɗa guda ya fitar da gida daga yunwa. A Napoli akwai makarantun kiɗa huɗu waɗanda asalinsu gidajen marayu ne. Can ake kai yaran, kuma makarantun kan tura su rera waƙa a jana'izu da jerin gwanon coci, kuɗin ya shiga asusun makaranta. Porpora, wanda waƙoƙinsa suka fi yawa a faifan Bartoli, shi ne babban malamin muryar wannan gari. A hannunsa Farinelli da Caffarelli suka fito. Caffarelli ya yi arzikin da ya sayi ƙasa mai sarauta, ya gina katafaren gida a Napoli. Farinelli, wanda sunansa na yanka Carlo Broschi, an haife shi a 1705, ya girgiza Landan daga 1734, a 1737 kuma aka kira shi Sifaniya ya riƙa yi wa Sarki Philip na Biyar waƙa da dare domin rage masa ciwon damuwa. Bai ƙara hawa dandamalin jama'a ba. Irin waɗannan labarai ne ke kai wa uban yaro a ƙauye, su sa ya miƙa ɗansa. A 2006 masana suka tono ƙasusuwan Farinelli a Bolonya. Suka tarar da mutum mai tsawon kusan santimita 190, ƙasusuwansa sun yi rauni, alamun rashin rufewarsu na nan har ya mutu yana da shekara 77. Wannan fa shi ne wanda ya fi kowa sa'a a cikinsu.

Yadda hukuma ta riƙe al'amarin ya fi komai ƙona mini rai. Dokar coci ta haramta yanke wa mutum gaɓa sai don ceton rai. Amma an hana mata waƙa a coci, a Roma kuma an hana su hawa dandamali har kusan ƙarshen ƙarni na 18, ga shi ana son babbar murya mai tashi sama. Fafaroma Sixtus na Biyar ya hana dandaƙaƙƙu aure a 1587, bayan shekara biyu, a 1589, ya tanadar musu gurbi a ƙungiyar mawaƙan cocin Saint Peter. An haramta aikin, an buɗe kasuwar abin da aikin ke haifarwa. Saboda haka kowane yaro sai aka ƙirƙira masa hatsari: doki ya kayar da shi, aladen daji ya cije shi, ciwo ya tilasta wa likita. Charles Burney, masanin kiɗa ɗan Ingila da ya zagaya Italiya a 1770, ya yi ta tambaya a ina ake yi. A Milan aka ce masa Benis, a Benis aka ce Bolonya, a Bolonya aka musanta aka tura shi Fulorans, daga can Roma, daga Roma Napoli. Kowa na tafi a gidan wasa, babu wanda ya san mai wuƙar.

Kada mu yi saurin nuna su da yatsa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai dandaƙe kansu da suka tambaya. Duk da haka fadar Daular Usmaniyya a Istanbul ta cika da babanni da aka kwaso daga Afirka, kuma tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya naɗa babanni sarautu. Dabarar iri ɗaya ce. Shari'a ta hana, fada na buƙata, sai a ce a wata ƙasa aka yi, mu saye kawai muka yi. Bambancin shi ne na Italiya sun bar waƙoƙi, namu ba su bar ko wannan ba.

A hankali abin ya mutu. Salon ofera ya sauya, babbar rawa ta ƙarshe da aka rubuta wa dandaƙaƙƙe ita ce ta Velluti a wata ofera ta Meyerbeer a Benis a 1824. Haɗewar Italiya ta kawo dokar da ta hana, kuma a 1903 Fafaroma Pius na Goma ya ba da umarnin a koma amfani da yara maza don manyan muryoyi. Ɗaya kaɗai aka ɗauki muryarsa yana rerawa shi kaɗai a na'urar ɗaukar sauti, Alessandro Moreschi na cocin Sistine, wanda aka naɗi muryarsa a 1902 da 1904, ya rasu a 1922. Naɗin na nan a intanet. Masu kewa sukan ce kada a auna da shi, wai shi mawaƙin coci ne, na'urar kuma ba ta da kyau, ainihin muryar Farinelli ta fi haka nesa ba kusa ba. Mai yiwuwa haka ne. Ni dai idan na saurare shi ba awon gwanintarsa nake yi ba. Mutum nake ji, magidanci a shekaru, da muryar da aka ƙaƙaba masa tun bai san abin da ake ƙwace masa ba.

Wannan kewa tana da ƙarfi a duniyar tsohon kiɗa. A fim ɗin da aka yi kan rayuwar Farinelli a 1994, sai da aka haɗa muryar namiji da ta mace a kwamfuta domin a ƙago abin da ake zaton ya yi kama da tasa. Kuma har yau za ka ji masana na magana a kan ɓatacciyar murya da irin alhinin da ake yi wa gobarar ɗakin karatu. Ban yarda da wannan alhini ba. Na farko, da'awar kaɗa kiɗa daidai yadda aka yi a da tana da iyaka ko a wajen kayan kiɗa. Makaɗan yau sun daidaita a kan saukar da ma'aunin tashin sauti zuwa 415 maimakon 440 na zamani, alhali a wancan lokaci kowane gari da nasa ma'auni, na Roma ƙasa, na Benis sama. Yawancin ƙahonin da ake busawa yau an huda musu ƙananan ramuka da babu su a na da, don sauti ya daidaita. Masu sauraro na zaune shiru cikin duhu, abin da kakanninsu ba su yi ba. Kowa ya amince da waɗannan sauye-sauye. Me zai sa wanda ya shafi jikin yaro ya zama shi ne asarar da ake kuka a kai?

Na biyu, waɗanda suka gaji waƙoƙin ba 'yan maye gurbi ba ne da za a yi haƙuri da su. Mace ta rera rawar namiji ba sabon abu ba ne. Handel da kansa ya ba Margherita Durastanti rawar jarumi a Radamisto a 1720, ya kuma ba ta rawar saurayi Sesto a Giulio Cesare, wato Julius Kaisar, a 1724. Sannan ga mazan da ake kira kantateno, lafiyayyun maza masu muryar magana irin ta kowa, waɗanda suka horar da siririyar muryar sama har ta zama sana'a. Alfred Deller na Ingila ya buɗe musu hanya bayan yaƙin duniya na biyu, yau kuma akwai su Philippe Jaroussky na Faransa da Franco Fagioli na Ajantina. A 2012 a garin Nancy aka ɗora Artaserse ta Vinci, wadda maza zalla suka fara yi a Roma a 1730, da kantateno biyar, aka kuma ɗauka a bidiyo. Wanda ya fara jin irin wannan murya yakan yi turus ya tambaya ko mace ce. A kunnen mutanen wancan ƙarni kuwa murya mai tashi sama ita ce ta sarki da jarumi. Julius Kaisar na Handel, mai cin ƙasashe da yaƙi, dandaƙaƙƙen nan Senesino ne ya fara rera shi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa tunda haka tushen yake, a bar waƙoƙin su ruɓe a ɗakunan ajiya. Na fahimci zafin zuciyar, amma ban bi su ba. Waɗannan mutane ba su bar 'ya'ya ba, ba su bar jikoki ba, an hana su aure ma. Abin da ya rage nasu a duniya shi ne takardun da aka auna da tsawon numfashinsu. Mai tsara kiɗa a lokacin ba ya rubuta ariya sai ya san wanda zai rera ta, inda muryarsa ta fi ƙarfi, inda take rawa, daƙiƙa nawa zai iya riƙe sauti. Kowace ariya hoton mutum guda ce. Kuma gwanintar ba wuƙa ta ba su ba, su suka sha wahalar shekaru suna koyo. Rufe takardun ba zai rama wa kowa ba, sai dai ya sauƙaƙa mantuwa.

Bartoli ta cancanci yabo a nan, domin ba ta ɓoye ba. Sunan faifan ya faɗi magana, hoton bangonsa kanta ne a kan gunkin namiji na marmara da aka guntule, kuma ta haɗa shi da ɗan littafi mai kauri da ya bayyana tarihin dalla-dalla. Inda nake da ja shi ne bidiyon, da duk masu bin sawunsa. Fadar Caserta an fara gina ta a 1752, tana da ɗakuna kusan 1,200, kuma wanda ya sa a gina ta, Sarki Charles na Napoli, ɗan Philip na Biyar ɗin nan ne da Farinelli ke yi wa waƙa. Wurin ya dace da tarihi, ba shakka. Amma kyamara na son zinariya. Idan ta bi matakalar marmara ta haura rufin da aka zana, labarin da ido ke ɗauka shi ne na Caffarelli mai sarauta, na ɗaya cikin ɗari da ya isa fada. Cocin Pietà dei Turchini, ta ɗaya daga waɗancan gidajen marayu, tana nan tsaye a tsakiyar Napoli. Da ni ke zaɓen inda za a kafa kyamara, da can na kai ta ko da don ariya biyu.

Matsalar ta ƙara girma saboda yadda ake kallo yanzu. Littafin da ke cikin kwalin faifai ba ya bin guntun bidiyo na minti biyar zuwa wayar mutum. A 2017 gidan rediyon France Musique ya ɗauki matashin kantateno ɗan Poland, Jakub Józef Orliński, yana rera wata ariya ta Vivaldi a Aix-en-Provence, mutane miliyoyi suka kalla. Ariyar daga ofera ce da aka fara yi a Roma a 1724, lokacin da mata ba sa hawa dandamali a can, wato dandaƙaƙƙe ne ya fara rera ta. Cikin waɗannan miliyoyi, nawa suka tashi da sanin haka? Ba laifin mawaƙin ba ne, aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Nauyin na kan masu ɗauka da masu watsawa.

Kuma da yawa daga cikinsu da kuɗin jama'a suke aiki. France Musique ta gwamnatin Faransa ce. Tashar ARTE, ta haɗin gwiwar Faransa da Jamus wadda ta fara watsa shirye-shirye a 1992, tana cikin manyan masu ɗaukar irin waɗannan wasanni. A Jamus kowane gida na biyan yuro 18.36 a wata don kafofin watsa labarai na jama'a, har da direban bas da mai shara waɗanda ba su taɓa taka gidan ofera ba. Ina goyon bayan a kashe wani ɓangare na wannan kuɗi a kan tsohon kiɗa, domin in an bar wa kasuwa kaɗai, babu mai ɗaukar ariyar Leonardo Leo da kyamara biyar ya sake ta kyauta. Amma hujjar karɓar kuɗin talaka ita ce ilimantarwa. Tashar da ta nuna masa zinariya da kyakkyawar murya ta ɓoye masa yaron da aka yanka, ta ba shi rabin abin da ya biya, kuma rabin da ya fi sauƙi.

Za a ce wannan zai ɓata wa mutane jin daɗi, an zo sauraron waƙa an tarar da wa'azi. Abin da na gani akasin haka ne. Akwai wata dabara da mawaƙan wancan zamani suka shahara da ita: a kama sauti ɗaya a raɗa, a yi ta kumbura shi har ya cika ɗaki, a sake dawo da shi raɗa, duk a numfashi guda. An tsara irin waɗannan wurare ne don ƙirjin da wuƙa ta faɗaɗa. Idan ka san haka, sannan ka ga mace ko namiji mai cikakken jiki ya haye wannan tudu da horo kawai, kana ganin jijiyar wuyansa a allo, girman abin da ya yi ya ninka a idonka. Wanda bai sani ba zai ce murya mai daɗi ya wuce.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Rubutu na daƙiƙa talatin a farkon bidiyo, da layi ɗaya a ƙasan allo kafin kowace ariya mai faɗin wanda aka rubuta wa ita da ko wane ne shi, tare da fassarar baitocin, a liƙe a jikin hoton yadda duk wanda ya yanki guntu zai tafi da su. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a al'adar. A ƙarni na 18, a gidajen ofera na Landan akan sayar da ɗan littafin wasa a ƙofa, da baitocin Italiyanci a shafi ɗaya da fassararsu a ɗaya shafin, da sunayen mawaƙa a gaba. Saboda waɗannan littattafai ne aka san cewa Nicolini ya rera Rinaldo a 1711, Senesino ya rera Kaisar a 1724, Caffarelli ya rera Serse a 1738. Masu binciken da ke shirya wa ƙungiyoyin makaɗa takardu suna da waɗannan sunaye a gabansu tun kafin a fara gwaji, kuma tashar da ta iya biyan hayar fada da fitilu da kyamarori ba za ta ce layi ɗaya na rubutu ya fi ƙarfinta ba.